Matar da Aka Ce Ta Saki Igiya

A shekarar 1987 na fara ganin Pascaline, cikin watan Oktoba, wata ranar Laraba, a ƙofar gidan bidiyon Alhaji Sharif da ke bayan babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Na riƙe ranar ne domin a ranar na fara aiki a wurin. Tana zaune a kan bulo, kaskon ƙosai a gabanta, goyon 'yarta Martine a bayanta. Da ta miƙo mini ƙunshin ƙosai sai idona ya sauka a tafin hannunta. Wani tabo ne fari mai sheƙi ya ratsa kowane tafi daga gefe zuwa gefe, kamar an ja layi da alli. Na ɗauka ƙunar mai ce, ban tambaya ba.

Bara muka binne ta. A bakin kabari, bayan Fada, limamin cocinmu, ya gama addu'a, Maxime, ƙanin marigayi mijinta, wanda ya zo daga Yagoua, ya juya ya ce wa na kusa da shi da muryar da kowa zai ji: "Allah ya jiƙanta dai, amma ita ce ta saki igiya." Shekara talatin da bakwai ke nan da faruwar abin da yake nufi, kuma sunan bai sake ta ba har cikin rami. Na ji shi, ban ce komai ba. Abin da ya kamata in faɗa a ranar shi nake rubutawa yanzu.

Ni malami ne a lokacin, a makarantar mishan inda ni ma na yi karatu. Shekarun nan ne da albashi ya fara yin nawa, kowane malami yana neman abin da zai haɗa da alli. Alhaji Sharif Bahaushe ne, kakansa ya zo Garwa da fataucin goro, shi kuma ya koma harkar kaset. Gidan kallon nasa ɗaki ne na kwano, benci goma sha biyu, talabijin ɗaya a kan kanta, da lasifika. Ana nuna fim sau biyu, ƙarfe huɗu na yamma da bayan magariba. Finafinan Indiya da na 'yan karate suna da tsada, kuma kowane gidan kallo yana da su. Sai Alhaji ya samu wani mutum a Yola da ke sayar da tsofaffin kaset buhu-buhu, waɗanda ba wanda yake so. Kusan duka na dodanni ne. Akwai gizo-gizo mai girman gida wanda ake ganin zaren da ake jan ƙafafunsa da shi. Akwai ƙadangaren da aka manna wa ƙaho. Akwai wani dodon sama da in ya juya baya sai ka ga zif ɗin rigarsa ta roba.

Turanci ake yi a wasu, Faransanci a wasu, ni kuwa Fada-fada sun koya mini duka biyun. Aikina shi ne in kalli fim da safiyar Asabar ko kafin in tafi aji, in rubuta maganganun a littafin 'yan makaranta, sannan a lokacin kallo a rage sautin talabijin, in riƙe makirufo in faɗa da Hausa, ina sa Fulatanci inda ya kamata. Ina alfahari da cewa ban taɓa ƙara kalma ko rage kalma ba.

Daga inda Pascaline take suya ana hango talabijin ta gefen labule. A mako na uku, na fito shan iska, ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba:

"Metir, ka ɓata matar nan."

Metir yarana suke kirana a aji, ita ma haka ta kira ni har ta mutu.

"Wace mata?"

"Ta gidan waya. Ka ce wai ta ce tsoro take ji, a zo a cece ta."

"Abin da ta faɗa ke nan, Maman Martine. Yana nan a rubuce."

"Bakinta ya faɗa. Ba ka ga ta cire takalmanta ba kafin ta faɗa? Ta ajiye su gefe, a jere. Wadda take jiran a cece ta ba ta cire takalmi. Wannan gudu za ta yi, kuma ta san inda za ta."

Washegari na sake sa kaset ɗin ni kaɗai. Gaskiyarta ce. Matar ta sunkuya ta zare dogayen takalmanta, ta dubi ƙofar baya, sannan ta yi maganar. Sau huɗu na kalli fim ɗin a baya ban gani ba, domin idona yana kan littafi.

Ita 'yar kan dutse ce, daga wajen Mokolo, ba ta wuce aji uku ba. Faransancinta na kasuwa ne, Turanci kuwa ko kalma. Amma tun daga ranar, kowace yamma sai ta yi mini gyara. Masu kallo dariyar dodo suke zuwa yi, suna jifan talabijin da ɓawon gyaɗa in zif ya bayyana. Ita ba ta kallon dodo sam. Ta ce a fim mai tsada dodo ne yake aiki, a fim mai araha kuwa roba ce kawai ake jijjigawa, don haka duk tsoron a fuskar mace yake, in ita ba ta iya ba babu fim. Ta raba 'yan wasan nan gida biyu. Masu dafe kumatu suna ihu, ta ce waɗannan kwalliyarsu suke tsoron ta lalace. Waɗanda take girmamawa su ne masu yin shiru. Akwai wata mai aikin jinya a fim ɗin ƙadangare, da ta ga abin ta taga sai leɓenta ya bushe, ta yi ƙoƙarin haɗiye miyau ta kasa, ta sa mabuɗi a ƙofar mota sau uku bai shiga ba, sai ta riƙe hannun dama da na hagu ta sa shi. Pascaline ta ce: "Wannan ta taɓa gani. Ban san me ta gani a garinsu ba, amma ta taɓa gani. Ba a koya wa mutum wannan."

"Ke ina kika sani?" na tambaya.

Ta ci gaba da juya ƙosai.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗaki ya cika, ba tafinta. Alhaji ya rasa yadda zai yi, sai ta ba wata maƙwabciya goyonta ta karɓi makirufo. Da na dawo bayan kwana huɗu na tarar mutane har a bakin ƙofa. Na tsaya a baya na saurara, raina yana ɓaci. Ba fassara take yi ba. Inda likita ya bayyana dabarar kashe gizo-gizo, ita a bakin mataimakiyarsa ta sa maganar.

"Likita ne ya faɗa," na ce mata bayan an tashi.

"Ita ta fara duban tulun fetur ɗin. Shi bin idonta ya yi. Na mayar mata da kayanta ne."

"Wannan ai ƙarya ce."

"To, Metir, gizo-gizon gaskiya ne?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce mu yi aikin mu biyu. Ni nake rubutawa in karanta mata, ita kuma ta kalli fim ɗin sau ɗaya ba sauti, tana bin hannuwa da idanu, sannan ta haɗa. Har ya buɗe kallon safiyar Alhamis don mata zalla, matan kasuwa suka riƙa zuwa da farantansu a ka. Su ne suka raɗa wa jaruman sunaye: Mai Takalmi, Mai Mabuɗi, Matar Likita. Sunayen gaskiya na 'yan wasan ba wanda ya taɓa damuwa da su, ni ma na manta.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa magana a kansa ba. In fim na dodon ruwa ne, kogi ko tafki ko teku, sai ta ce maƙogwaronta yana ciwo. Bayan sau biyu na gane, na riƙa ware irin waɗannan kaset ɗin ina yi musu alama da jan biro. Dodon ƙasa da na sama da na kogo nata ne, na ruwa nawa.

A watan Yuni na 1988 Alhaji ya kira mu ya ce an buɗe wasu gidajen kallo biyu a unguwar, daga ƙarshen wata tafinta ɗaya zai riƙe. Bai faɗi wanda zai zaɓa ba. Ni ina da aji, ita ba ta da kowa a Garwa sai kasko da 'yar shekara ɗaya da rabi. Duk da haka ba zan ɓoye ba, ina son aikin nan fiye da yadda nake son aji, kuma na yi fatan ni za a bari.

Saura kwana shida wata ya ƙare sabon buhu ya iso da rana tsaka. Alhaji ya riga ya rubuta a allon ƙofa cewa akwai sabon fim ƙarfe huɗu, ba lokacin dubawa. A jikin kwalin wani kaset an zana tururuwa, sai na miƙa wa Pascaline makirufo, na zauna kusa da ita ina raɗa mata abin da ake faɗa. Masu cika buhu a Yola ba su damu da wane kaset ya shiga wane kwali ba. Minti goma da farawa sai ga kogi.

Ta daure. Muryarta ta yi ƙasa amma ta ci gaba. Har aka zo wurin da wani mutum ya ɗaura igiya a kugu zai shiga ruwa ya kwance abin da ya sarƙe injin jirginsu, ya miƙa wa matarsa ɗaya bakin igiyar. Wani abu mai ƙaya a baya ya taso daga ruwan. Igiya ta miƙe. Matar, wata siririya mai gajeren gashi, ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya taku biyu, ta naɗa igiyar sau biyu a jikin turken da ake ɗaure jirgi, ta dafa ƙafa a gindinsa, ta kwanta baya.

Pascaline ta yi shiru. Na raɗa mata maganar, na sake raɗawa. Bakinta a buɗe yake, ba abin da ke fita. Makirufo yana hannunta, yatsunta sun saki, yana zamewa a hankali zuwa cinyarta. Mutane suka fara buga benci. "Madam, barci kike?" "Dodo ya haɗiye harshenta!" Alhaji yana tsakar gida yana alwalar la'asar, na ji ya ajiye buta.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na sa ƙafa a ƙarƙashin tebur na naɗe wayar makirufo a dunduniya na fizge. Lasifika ta yi ƙara, ta yi hayaƙi. Na miƙe na ce waya ce ta tsinke, na ƙarasa fim ɗin da bakina, ina ɗaga murya har ta dishe.

Abin da ban sani ba shi ne Alhaji ya riga ya ɗaga labule, ya ga ƙafata, bai ga fuskarta ba. Bayan an watse ya ce:

"Malam Aristide, da idona na gani. Mutum mai ilimi kamarka, mai koya wa 'ya'yan mutane? Don mace ta fi ka baki sai ka ƙona mini kaya a tsakiyar aikinta?"

Ina iya cewa ta daskare ne. Da na faɗa, da ni za a bari, domin ba mai riƙe tafintan da kogi yake ɗaure wa harshe. Na dubi ƙasa na ce ya yi haƙuri. Ya ce kada in sake zuwa. Kafin Lahadi labari ya kai majami'a cewa hassada ta sa Metir Aristide ya yi wa gwauruwa mugunta. Shekaru aka yi ana tuna mini. Matata Irène kaɗai na gaya wa gaskiya, ta ce in bar shi a cikina.

Bayan kwana uku na bi ta ƙofar gidan kallon da hantsi, ba kowa sai ita tana wanke wake. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce in zauna, ta buɗe mini tafukan hannunta a kan gwiwa, ta ba ni labari tana kallon kwaryar wake.

A 1986 ta auri Fabien, masunci a Maga. Wata biyar kacal ta yi a bakin tafki, kuma kafin nan ruwan da ta sani bai wuce na rijiya da na kwazazzabo ba. Wata safiya tarunsa ya maƙale a bakin babbar magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa, inda ruwa yake ja da ƙarfi. 'Yan'uwansa sun tafi kasuwa. Ya ɗaura igiya a kugu ya ba ta baki ɗaya, ya ce ta riƙe da kyau. Yana cikin ruwa har ƙirji sai dorina mai ɗa ta taso kusa da shi. Ya saki sandar da yake dafe da ita, ruwa ya ɗauke ƙafafunsa.

"Na riƙe, Metir. Na riƙe yadda ake riƙe akuya a gida, da hannu biyu, a tsaye. Haka na iya. Ta bi ta cikin hannuna tana cin nama har ta ƙare."

A rana ta uku aka sami gawarsa. Abin da dangin Fabien suka kasa yafewa shi ne ba wanda ya ji ihunta. Akwai mutane a gona ba nisa, da ta yi kururuwa wataƙila da sun zo. Sun same ta a tsaye, hannuwa a buɗe, jini yana ɗiga, bakinta a buɗe ba sauti. Suka ce macen da mijinta ke nutsewa ba ta yi ihu ba, da gangan ta saki. Tana da ciki a lokacin; ta haifi Martine a gidan dangin nasa, da ta yi arba'in ta hau mota zuwa Garwa.

"Akwai turke a bayana," ta ce. "Inda yake ɗaure kwalekwale. Taku biyu. Kowane yaron Maga ya san a naɗa. Ni ban sani ba sai shekaranjiya waccan, da Baturiyar nan ta yi."

Na ce ai fim ne, an shirya mata komai.

"An shirya mata turke. Amma ka ga wuyanta? Ita ma muryarta ta tafi. Tsoronmu ɗaya da ita. Ita dai ƙafarta ta ja baya, tawa ta tsaya."

Ba ta ce na gode ba, a ranar ko bayanta. Ta ɗauki kwaryarta ta shiga ciki. Daga baya na ji ta roƙi Alhaji kaset ɗin, tana sa shi ita kaɗai da safe kafin ta share ɗakin, tana mayar da wurin nan baya tana sake kallo, har zaren ya lalace hoton ya koma yayyafi. Kuma daga lokacin ta karɓi finafinan ruwa duka. Waɗanda suka ji ta sun ce a nan ta fi iyawa, har ɗakin yakan yi tsit, a manta da jifan ɓawon gyaɗa.

Shekara goma sha biyar ta yi da makirufo. Alhaji Sharif ya rasu a 2003, lokacin kowa ya sayi na'urar faifai a gidansa, 'ya'yansa suka mayar da ɗakin shagon siminti. Buhunan kaset an zubar da su a kwata, na ga yara suna jan zarensu a titi. Martine ta yi aure a Kudu, zuwanta sai shekara-shekara. Pascaline ta koma kasko, a tashar motocin Pitowa, da tari wanda hayaƙin itace da shekarun ɗaga murya suka bar mata. Mukan gaisa. "Metir, ya Madam?" "Da sauƙi, Maman Martine." Iyakarta ke nan. Na lura ba ta son tsayawa da ni, kuma na fahimta. Ba daɗi mutum ya riƙa ganin wanda ya san ranar da ya kasa.

A 2010 ɓarin jikin Irène na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Gidanmu yana gangare, ɓangaren kogin Binuwai, titi ɗaya tsakaninmu da tudun da injin niƙa yake. A ƙarshen watan Agusta na 2012 wani tsohon abokin aikina ya rasu a Pitowa. An kwana biyu ana cewa kogi yana cika, amma kowace damina haka ake cewa. Na yi wa Irène wanka, na ba ta koko, na roƙi maƙwabciyarmu Fa'iza ta riƙa leƙa ta, na ce kafin azahar na dawo. A tasha na sayi ƙosai wurin Pascaline. Ta tambayi inda za ni, na gaya mata. Ta dubi sama, ta dubi takalmina, ta ce in gaida masu makoki.

Muna maƙabarta ruwa ya yanke hanya. Sai washegari da yamma na samu na iso, rabi a babur rabi a ƙafa. Unguwarmu ba a shiga. A wata makaranta da aka tara mutane na sami Irène kwance a kan tabarma, an lulluɓe ta da zanen da ba nata ba, idonta biyu. A gefenta ƙyauren ɗakinmu ne a jingine da bango, da shuɗin fentin da ni na shafa masa.

Fa'iza ta zo tana kuka. Ta ce ruwan da hantsi ya shigo, lokaci ɗaya, titi ya koma kogi. 'Ya'yanta huɗu ne, ta ɗauki biyu ta ja biyu, ba ta iya komawa ba. Ban taɓa riƙe ta da laifi ba. Ta ce daga kan tudu, can nesa, cikin ruwan sama, ta hango wata mace ta ɗaura igiya a darbejiyar da ke gaban injin niƙa, ta ratsa titin, ruwa har ƙirji, ta shiga gidanmu. Ta daɗe. Sannan ta fito ita kaɗai tana bin igiyar, ta koma gindin itacen, ta fara ja. Sai ga ƙyaure ya fito ta ƙofar gida yana iyo, da mutum ɗaure a kai. Da ya shiga tsakiyar titi ruwa ya fizge shi. Fa'iza ta ce ta rufe ido. Da ta buɗe, matar tana kwance baya, ƙafa a gindin itace, ƙyauren yana karkatowa a hankali zuwa tudu. Maza suka ruga suka ɗauke shi. Kafin a waiwaya matar ta tafi. Ta rufe kanta da buhu saboda ruwa, ba wanda ya ga fuskarta, kuma ba wanda ya ji ta kira kowa.

Bayan kwana tara ruwa ya janye na je. Bangon ɗakin da Irène take kwana ya faɗa kan gadon. A jikin darbejiya, daidai kugun mutum, ɓawo ya saluɓe zobe biyu, ɗaya a kan ɗaya, fari tas. A kan katangar injin niƙa kuma akwai silifa na roba, kore, ƙafa biyu a jere, an ɗora musu dutse.

Na sa su a leda na tafi tasha. Wata yarinya ce a kan kaskon, ta ce Mama tana gida ba lafiya. Na same ta a ɗakinta na haya a bayan kasuwa, zaune a kan tabarma, hannuwanta biyu naɗe da tsumma, tana tari.

"Me ya sami hannun, Maman Martine?"

"Mai ne. Kasko ya kife."

Na fito da silifan na ajiye a gabanta. Ta dube su.

"Na waye?"

"Na tsince su a katangar injin niƙa."

"Garwa cike take da koren silifa, Metir. Ya Madam?"

"Tana nan da rai."

"To, madalla."

Na zauna. Na ce mata bari in je majami'a ranar Lahadi in tsaya in faɗa, bari in rubuta wa mutanen Maga da Yagoua, su san wace ce suka kora. Ta girgiza kai tun kafin in gama.

"Ka faɗa musu me? Zai fito da Fabien daga ruwa?" Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da bayan tsumma. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun 1988. "Ranar nan a gidan Alhaji, ai waya ce ta tsinke, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To, ni ma mai ne."

Irène ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta rasu a kan gadonta, hannunta a cikin nawa. Yatsu biyu na hannun hagun Pascaline ba su sake lanƙwasawa ba, da dama take juya ƙosai har ƙarshe. Ba mu sake maganar ba. Da zan fita daga ɗakinta a ranar na waiwaya, na ga ta jawo silifan da ƙafa ta tura su ƙarƙashin gado.